Kyamara zan canza ko gilashi? Shawara kan ɗaukar tsuntsayen fadama

Ɗan Gumel:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema. Sana'ata hoton biki da suna, shekara shida ke nan. Canon 700D nake riƙe da ita, da gilashi biyu, 50mm da 75-300. A hunturun bara na raka wani abokina zuwa fadamar Baturiya, can wajen Haɗejia, abin da na gani ya hana ni barci: kirinjijiya garke-garke, zalɓe, dinya, da wasu ƙananan tsuntsayen bakin ruwa da ko sunansu ban sani ba. Na ɗauki hoto ya fi 400. Da na dawo gida na zuba a kwamfuta, wallahi ko goma na kirki ban tsinta ba. Tsuntsu ya koma ɗigo kamar ƙuda a faranti, in na ja shi kuma sai ya dagule. Yanzu na ɗan tara wani abu, ba mai yawa ba. In sayar da 700D in sayi babbar kyamara ne, ko gilashi zan canza? Wani kuma ya ce in sayi Nikon P1000 in huta.

Injiniya:
Wa alaikumus salam. Kada ka taɓa kyamarar tukuna, ba nan ciwon yake ba. Ga amarya 300mm dogo ne, ga tsuntsu kuwa gajere ne. Sensar 700D, wato ɗan farantin da ke karɓar hoto a cikinta, ƙarama ce, don haka duk gilashin da ka ɗaura mata sai ka ninka tsawonsa sau 1.6. Naka na 300 yana ba ka kamar 480. Gilashi mai 400 zai ba ka 640, mai 600 ya ba ka 960. Ka ga kusan ninki biyu na abin da kake da shi. Ni a ganina Sigma 150-600 Contemporary ka nema, ko Tamron 150-600 G2, na hannu. Duka biyun akwai masu bakin Canon, su hau kyamararka kai tsaye.

Gwani Na-Fagge:
Injiniya ya fara lissafi, kowa ya ɗauko alli. Malam Ɗan Gumel, ka tambaye shi nauyin abin kafin ka ce amin.

Injiniya:
Sigma ɗin ya kusa kilo biyu, Tamron kilo biyu ne da 'yan kai. Ban ɓoye ba.

Gwani Na-Fagge:
Kilo biyu a baki ba komai ba ne. Ka ɗaga shi daidai ido, hannu a miƙe, kana jiran zalɓe ya ga dama ya caki kifi. Minti uku ba za ka yi ba kafaɗa za ta fara yi maka wa'azi. Ni na yi, na sayar.

Ɗalibar Jos:
Sannunku. Kafin a kai ga kilo, Malam, ina da tambaya: hoton me kake so? Na shaida, wato ka nuna cewa ka ga tsuntsu kaza a wuri kaza, ko na ratayewa a bango? Kayan aikinsu ba ɗaya ba ne. Mu da muke zagayen ƙirga tsuntsaye a dajin Amurum, nan Laminga inda cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI take, hoton shaida ya fi mana amfani. Irin su P900 da P950 da P1000 an yi su ne kamar don mu. P900 tana kai wa daidai da 2000mm, P1000 har 3000mm, kuma gilashin a manne yake, babu cirewa babu sakawa. Tsuntsu yana can ƙololuwar bishiya, ka ja shi, ka ga launin bakinsa da ƙafarsa, ka gane shi, shi ke nan. Akwai wani ɗan jan tsuntsu na cikin duwatsu a nan Filato wanda sai a 1998 masana suka tantance cewa jinsi ne mai zaman kansa. Bai kai tafin hannu ba, kuma ba ya tsayawa. Da irin wannan kyamarar na fara samun hotonsa.

Injiniya:
Malama, 3000mm ɗin nan fa akwai magana a ciki. Sensar P1000 da ta P900 ba ta wuce girman farcen ɗan yatsa ba, wajen milimita 6 da 4 da rabi. Ta 700D ɗin da yake hannunsa ta ninka ta kusan sau 12. Da rana tsaka hoto zai fito, babu musu. Amma tsuntsu da asuba yake harkarsa da kuma la'asar sakaliya, lokacin da haske ya yi ƙasa. Ka ɗaga ISO kaɗan, wato ka ƙara wa kyamara ƙarfin jin haske, sai gashin tsuntsun ya narke kamar an shafa man kaɗe. Wanda ke cikin tashi kuwa, kafin ta kama shi ya bar garin. Mutumin da ya saba ganin zaren leshi ɗaya-ɗaya a hoton amarya ba zai gamsu da wannan ba.

Ɗalibar Jos:
Ban musa ba. Shi ya sa na fara da tambaya. Kuma P900 ba ta ajiye hoto a RAW, wato ɗanyen hoton da ya fi karɓar gyara a kwamfuta, sai P950 da P1000, wannan ma a sani. Amma kada mu manta, kyamarar da ke rataye a wuyanka ta fi wadda ka bari a gida don nauyi. P900 ba ta cika kilo ɗaya ba.

Ɗan Gumel:
Gaskiya na bango nake so, Malama. Irin wanda za a ga ƙwayar idon tsuntsun da ruwa na ɗiga a bakinsa. In ya yi kyau har in buga a sa a firam, ko otal ya saya.

Gwani Na-Fagge:
To P1000 ta faɗi zaɓe tun a mazaɓa.

Kawu Mai Gauraka:
Assalamu alaikum. Na karanta duka, kowa ya faɗi gaskiya gwargwadon inda ya tsaya. Ɗana, bari in tambaye ka. Ranar da ka je Baturiya, ƙarfe nawa kuka isa bakin ruwa, wace riga ce a jikinka, kuma a tsaye ka ɗauka ko a zaune?

Ɗan Gumel:
Ranka ya daɗe, wajen sha ɗaya muka isa. Farar shadda ce a jikina, don daga ɗaurin aure muka wuce. A tsaye na ɗauka, ina binsu suna matsawa.

Kawu Mai Gauraka:
Madalla. To ko gilashin da ya fi na kowa tsada aka ba ka ran nan, abin da za ka kawo gida ke nan. Na farko, ƙarfe sha ɗaya ƙasa ta yi zafi, iskar da ke saman ruwa tana rawa, irin kawalwalniyar da kake gani a kan kwalta. Dogon gilashi ba ya huda ta, ƙara girmanta yake yi. Wanda ya ja 3000mm a wannan lokaci ruwa-ruwa zai gani. Na biyu hazo. Tsakaninka da tsuntsun da ke nisan taku ɗari akwai ƙurar hunturu taku ɗari, kuma duk sai ta shiga hoton. Na uku, dogon mutum cikin farar shadda yana tafe yana nuna su da baƙin abu, wane tsuntsu ne zai tsaya?

Kakanninmu maharba sun gama wannan karatun tun kafin a ƙera kyamara. Me ya sa maharbi yake ɗaura kan burtu a goshi, ya lulluɓa da baƙin zane, ya duƙa yana tafiya yana caccakar ƙasa? Don kibiyarsa ba ta zuwa nesa, dole shi ya je kusa. Ban ce ka nemo kan burtu ba, burtun ma ya yi ƙaranci, a bar shi ya huta. Amma ka isa wurin kafin gari ya waye, ka sa tufa mai launin ƙasa, ka ba rana baya, ka zauna a gindin kachalla ko bayan wata ƙaya, ka yi shiru rabin awa. Su da kansu za su dawo. Na taɓa zama haka a wajen Nguru har zakaran ƙeƙuwa ya zo kusa da ni ƙwarai, gilashin ya kasa kama shi saboda kusanci.

Gwani Na-Fagge:
Allah ya ja kwana, Kawu. Wato maganar dai ita ce ya ajiye kuɗinsa ya sayi tsohuwar riga.

Kawu Mai Gauraka:
A'a, gilashi zai saya, 300 ya yi kaɗan ko da wace riga. Sai dai ni ba 150-600 zan nuna masa ba. Canon 400mm f/5.6L. Tsoho ne, tun 1993 aka fito da shi, ba ya zum, ba shi da na'urar rage rawar hannu. Amma nauyinsa kilo ɗaya da kwata, yana kama tsuntsu da sauri, kuma hotonsa tas yake fita ko an buɗe ƙofar haskensa gaba ɗaya, wato a f/5.6. Da shi na ɗauki shirwa tana sauko wa kifi. Ka yini da shi a hannu ba ka ji komai ba.

Injiniya:
Kawu, da girmanka, a nan zan ɗan ja. Rashin na'urar rage rawa ba ƙaramin abu ba ne ga mai koyo. Da asubar da ka ce ya je, haske kaɗan ne, dole ya rage gudun shota, hannu kuwa sai ya yi rawa a 640. Sannan ba ya kama abin da ya matso ƙasa da mita uku da rabi, ina jin shi ne ya hana ka zakaran ƙeƙuwarka. Kuma mai zum yana da wata fa'ida: ka buɗe a 150 ka nemo tsuntsun, sannan ka ja shi. Sabon hannu da gilashi marar zum sai ya yi ta lalube a sama, tsuntsu ya wuce.

Kawu Mai Gauraka:
Shi ne ya hana ni, ba ka yi ƙarya ba. Amma rawar hannu tana da magani mai araha. Ka cika tsohuwar safa ko 'yar jaka da gero, ka ɗora a gwiwa ko a tagar mota ko bakin kwalekwale, ka kwantar da gilashin a kai. In tsuntsun a tashi yake, gudun shota 1/2000 za ka sa ko fiye, a nan kuwa na'urar rage rawa ba ta da wani aiki. Wanda ke zaune a reshe 1/500 ta isa in ka jingina. Lalube kuma sati biyu ne, ka yi ta gwaji da tattabarun unguwa, zai wuce.

Maman Biyu:
Ni ban kai ku sani ba, amma bari in sa baki ta ɓangaren masu ƙaramin ƙarfi. Canon R7 nake amfani da ita da RF 100-400. Gilashin gram 635 ne kawai. Abin da ya ja ni shi ne kyamarar tana gane tsuntsu da kanta, ta ɗora saiti a kan idonsa ta bi shi duk inda ya juya. Da can rabin hotunana reshe ne ya fito tas, tsuntsu ya yi dishi-dishi. Yanzu wannan ya ragu sosai. Cilakowa da ragon maza da ke zuwa gonarmu duk da ita na ɗauka. Aibinsa, a 400 buɗewarsa f/8 ce, wato haske kaɗan yake shigarwa, in rana ta yi ƙasa sai ka ɗaga ISO.

Ɗan Gumel:
Hajiya, wannan ya shiga raina. In na sayi R7, gilasaina na da sun tashi a banza ke nan?

Maman Biyu:
A'a. Akwai ɗan zobe da ake sawa tsakani, na EF zuwa RF, tsofaffin gilasan Canon masu bakin EF irin naka suna hawa su yi aiki daidai. Shi ya sa ma nake ganin shawarar su Kawu ba ta saɓa da tawa ba. Ka sayi gilashin yanzu ka ɗaura a 700D, in Allah ya hore nan gaba ka sayi kyamara marar madubi irin R7, gilashin yana nan. Kyamara ce take tsufa, gilashi mai kyau ba ya tsufa da wuri.

Injiniya:
Haka ne. Kuma in ma kyamara za ka ƙara ba tare da kuɗin R7 ba, akwai 7D Mark II ta 2014. Hoto 10 take ɗauka a daƙiƙa, taka 5. Wuraren saitinta, wato ɗigogin da take kama abu da su ya fito tas, 65, taka 9. Masu Nikon kuma D500 ce tasu da 200-500 f/5.6, haɗin da ya yi suna wajen tsuntsu, sai dai gilashin ya haura kilo biyu, kuma kai ka riga ka shiga gidan Canon, sauya gida asara ce.

Na-Maraɗi:
Salamu alaikum 'yan'uwa na Najeriya. Ni a tafkin Madarumfa nike ɗauka. Abu guda da ban ji kun taɓa ba sosai shi ne ƙura. Gilashin da ke miƙewa yana komawa in ana zum, iska yake ja yana fitarwa kamar zugazugin maƙeri. Cikin hunturu kuwa iskar tamu kun san abin da ke cikinta. Nawa bayan shekara biyu sai da aka buɗe shi aka share. Na Kawu da ba ya miƙewa ya fi jure ƙasarmu. Kuma kada ka canza gilashi a fili, ka shiga mota ka rufe, ko ka sa kyamarar cikin riga bakinta na kallon ƙasa. Kada ka goge gilashi da bakin riga, ƙurar nan yashi ce, tana karce shi. Ka hure da 'yar robar hura iska tukuna.

Gwani Na-Fagge:
Mu da muke goge na biki da hular kanmu, Allah ya yafe mana.

Ɗan Gumel:
To game da na hannu fa? Tsoro nake ji. In na je saye me zan duba?

Injiniya:
Ka tafi da kyamararka da memori, kada ka yarda a gwada maka a tasu. Ka cire murfi gaba da baya, ka haska tocilar waya ta ciki ka leƙa. 'Yar ƙura ba komai ba ce. Amma in ka ga wani abu kamar saƙar gizo-gizo ko reshen bishiya a jikin gilashin, fumfuna ce, ka ajiye ka tafi. Kayan da suka daɗe a wuri mai laima sun fi kamuwa. Ka fita waje ka ɗauki rubutun wani allo daga nesa a ƙarshen zum, ka ja hoton ka duba gefe da gefe, kada ɓangare ɗaya ya fito ɗaya ya dushe. Ka saurari motar saitin, in tana ƙara ko tana kai-komo ba ta tsayawa, akwai matsala. In kyamara ce, ka sa a duba maka adadin hoton da ta ɗauka. Shotar 7D Mark II an ƙiyasta mata 200,000, to ka ga wadda ta yi 180,000 ba kuɗinsu ɗaya da wadda ta yi 30,000 ba.

Gwani Na-Fagge:
Ni aka taɓa yi wa. Ta waya na saya, mutumin ya turo hotuna masu kyau, na tura kuɗi, aka sako a mota. Da na haska ciki sai ka ce gonar auduga. Na kira, ya ce ai ba ya hana hoto. Daga ranar lambar ba ta sake shiga ba.

Maman Biyu:
Allah ya mayar da alheri. A ƙara da damina: kada a kulle gilashi cikin jaka wata da watanni. A samu roba mai murfi a zuba 'yan ƙullin nan masu shan laima da ake samu a kwalin takalmi, a riƙa fito da shi yana shan iska.

Ɗan Gumel:
Na ga ana sayar da wani abu da ake ɗaurawa ya ninka tsawon gilashi sau 1.4 ko sau 2. In na sa wa na 400 ɗin fa? Ko ma in sa wa 75-300 nawa in huta da saye?

Injiniya:
Sa wa 75-300 ɗin ka manta da shi. Sa wa na 400 ɗin kuma akwai tarko. Mai 1.4 zai mai da 400 ya zama 560, amma yana cinye rabin haske, f/5.6 ta koma f/8. 700D ba ta saita kanta a f/8 in kana leƙawa ta ido, sai dai ka murɗa da hannu. 7D Mark II tana yi, amma da wurin saiti na tsakiya. Mai ninki 2 kuwa kashi uku cikin huɗu na hasken yake tafiya da shi. Ka fi samun riba ka matsa taku goma gaba, kamar yadda Kawu ya ce.

Kawu Mai Gauraka:
Yau Injiniya ya ba ni gaskiya, a rubuta kwanan wata.

Ɗalibar Jos:
Tunda ana maganar matsawa, don Allah in roƙi abu ɗaya. Matsawa tana da iyaka. In tsuntsu ya daina kiwo ya miƙe wuya yana kallonka, ka isa, kada ka ƙara. Waɗancan ƙananan na bakin ruwa da Malam ya ce bai san sunansu ba, da yawansu baƙi ne daga Turai da Rasha, sun ƙetare Sahara, kiwon da suke yi a fadamar nan shi ne guzurin komawarsu wajen Maris da Afrilu. Duk tashin da ka sa suka yi, daga guzurin ka ɗiba. Sheƙa kuma a bar ta sam. Uwa ta tashi minti goma a ranar nan tamu, ƙwai ya lalace ko hankaka ya ɗauke. Kuma in Allah ya sa ka ga gauraka, ka ɗauka daga nesa, kada ka rubuta ainihin wurin a Facebook. Ta yi ƙaranci ƙwarai a Najeriya, masu kamawa su sayar kuma suna karanta abin da muke rubutawa.

Kawu Mai Gauraka:
Allah ya yi miki albarka, 'yata. Sunan nan da nake amsawa, rabon da in ga mai shi a daji har na daina ƙirga shekaru.

Shugaban Zaure:
Ni ma in ƙara nawa, ba na gilashi ba. Dogon gilashi daga nesa, musamman in an naɗe shi da ƙyalle mai ruwan kakin soja, ba kyamara yake kama da ita ba a idon wanda bai sani ba. A halin da ake ciki kada wanda ya sa tufa irin ta sojoji, launin ƙasa ko toka ya isa. Ka fara gaida mai unguwa ko bulama ka faɗi abin da ya kawo ka, ka ɗauki ɗan gari ya raka ka, ka sallame shi da abin kirki. Masunta sun fi kowa sanin inda dinya take kwana. Wuri irin Dagona, mafakar tsuntsayen ruwa a Yobe, kuwa yana ƙarƙashin hukumar gandun daji ta ƙasa, sai ka bi ta hannun ma'aikatanta. A shingen jami'an tsaro kyamara ta zauna a jaka, kuma kada a nuna ta wajen gada ko bariki.

Na-Maraɗi:
Wannan haka yake har wajenmu. Kuma ka riƙe batir biyu ko ukku, ƙauyen bakin ruwa ba lallai ka samu wurin caji ba.

Ɗalibar Jos:
Da madubin hangen nesa, 8x42 in ka samu. Mutane suna raina shi, amma da shi ake nemo tsuntsun, a karanci inda yake son sauka, kafin a ɗaga kyamara. In kuɗin ya rage ko kaɗan ne, nan zan sa shi kafin in sayi sandar kyamara mai ƙafa uku.

Ɗan Gumel:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa. Ga inda na tsaya: 700D tana nan, ita ke ciyar da gida. P1000 na haƙura. Ya rage tsakanin 400 na Kawu da Sigma na Injiniya, kuma har yanzu zuciyata biyu. Maganar ƙura ta ja ni wajen na Kawu, 960 ɗin nan kuma ta ƙi fita raina.

Kawu Mai Gauraka:
To kada ka saya tukuna. Ina da niyyar zuwa Nguru in ruwa ya fara ja, wajen ƙarshen Nuwamba. Ka zo da kyamararka ka ɗaura nawa ka yini da shi. Injiniya, in ka yarda ka taho da naka, ya gwada duka biyun a tsuntsu ɗaya, haske ɗaya.

Injiniya:
Na yarda, in dai ranar Asabar ce. Amma shi zai ɗauki jakar.

Gwani Na-Fagge:
A ajiye mini wuri a mota. Ni zan kawo geron safa, in an gama a dama mana kunu da shi.

Ɗan Gumel:
In sha Allahu ina nan. Kafin nan na fara da tattabarun maƙwabcina gobe da safe. Malama ta Jos, cikin goman da na tsinta akwai wani mai dogayen jajayen ƙafafu, baƙi da fari, bakinsa siriri kamar allura. Zan turo yanzu ki duba mini ko waye.

Ɗalibar Jos:
Turo, amma kada ka yanke hoton. Ina so in ga ruwan da yake tsaye a ciki da waɗanda ke kusa da shi.